Waken Hajaratu Bai Hau Jirgi Ba

A Yargoje in aka ce waken Hajaratu, ba sai an ƙara bayani ba. Fari ne, ƙanana, mai jan ido. Ba ya daɗewa a wuta, kuma ƙosansa na tashi ba sai an sha wahalar bugu ba.

Hajaratu haifaffiyar Pauwa ce. Ranar da aka kawo ta gidan Malam Gide, shekara talatin da 'yan kai ke nan, uwarta ta sa mata irin waken nan a ɗan gora, cikin kayan ɗaki. Tun daga ranar ba ta taɓa sayen irin wake a kasuwa ba. Duk kaka sai ta baje tabarma ta zaɓi cikakkun ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta cuɗe su da toka da busasshen barkono don kada ƙwari su huda, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka. Da ƙosan waken nan ta riƙe 'ya'ya huɗu bayan rasuwar Malam Gide. Ita ba ta shiga boko ba, amma autarta Shafa'atu ta kai jami'a, tana karatun aikin gona.

Shekarar da 'yan bindiga suka ƙone rumbunan unguwarsu, tulu uku ta rasa. Na huɗun ya tsira ne don yana binne a bayan madafi. Maƙwabta da yawa suka koma cikin Ƙanƙara. Ita ma ta je ta yi wata biyu a gidan ƙanenta Barau, direban motar haya, sannan ta ɗaure kayanta ta dawo. Ta ce ba ta iya zaman da ba a ganin gona. Gonar jeji dai ta gagari kowa, sai ɗan filin bayan gida. Haka irin ya yi ta raguwa, har bara da ta auna, rabin tiya ya rage.

Ana cikin haka, farkon damina, Shafa'atu ta zo gida da labari. An zaɓe ta cikin ɗalibai takwas da za su je wata jami'a a Maroko, kwas na mako shida kan adana iri. Tana cin tuwo tana ba da labarin wani ɗaki mai sanyi da aka ce za a nuna musu, inda ake ajiye irin ƙasashe daban-daban.

Hajaratu ta ajiye maburgi. "Shekara nawa kika ce yana yi?"

"Hamsin, Inna, ko fiye."

"Ba ya ƙwari?"

"Ba ya yi."

"Kuma ba mai sa mishi wuta?"

Shafa'atu ta gane inda aka dosa. "Inna, ba a tsallaka ƙasa da iri haka nan. Sai da takarda."

"Ke ma ai da takarda za ki tahi. Ki raɓa shi da takardarki."

Da maganar ta kai kunnen Barau, dariya ya yi har da riƙe ciki. "Yaya, yanzu wake ne zai yi digiri? Ki bari in an tashi yaye shi, ni zan ɗauko shi kyauta."

"Kai dai riƙe sitiyarinka," in ji ta. "Da ƙosansa aka yaye ka, mai bakin tsiya."

Ba ta sake tayar da zancen ba, kowa ya ɗauka ta haƙura. Amma a lokacin ana ta raɗe-raɗin za a sake gudu, ita kuwa ta san in aka gudu wannan karon, tulu ba ya bin mutum. Ranar da ake haɗa wa Shafa'atu guzuri, sai ta fasa lakar bakin tulun, ta juye rabin tiyar nan duka, da tokarsa da barkononsa, ta ƙulle a leda, ta naɗe da tsohon zane, ta cusa a ƙasan jaka ƙarƙashin kuka da yaji. A saninta iri ba ya tafiya tsirara. Ko zuwa Pauwa za a kai shi, da tokarsa ake kai shi.

Barau ne ya kai su Kano, tare da Lauratu, ƙanwar Hajaratu, wadda ta taso daga Damari don rakiya. Shafa'atu na shiga cikin filin jirgi ya fara kallon agogo.

"Yaya, mu kama hanya. Kin san daga Malumfashi zuwa gida ba a yin yamma."

"Ba inda za ni sai na ga jirgin ya ɗaga."

"Jirgi nawa ke tashi nan? Ina za ki gane nata?"

"In gane, in kasa ganewa, ba a juya wa matafiyi baya tun bai tahi ba. Haka muka taso."

Ta shimfiɗa ɗankwali a inuwa ta zauna. Kusa da su akwai wani dattijo daga Faskari, Alhaji Muslim, shi ma ya rako ɗansa wanda ke cikin ɗaliban takwas. Suka gaisa, suka jajanta wa juna halin gari.

Ba a yi rabin awa ba wayar Barau ta yi ƙara. Shafa'atu ce. Na'urar duba kaya ta nuna wani abu kamar gari a jakarta, an fitar da ita daga layi, an zazzage jakar a gaban abokan tafiyarta. An ce ko a kira mai ƙullin, ko a jefa shi cikin kayan da za a ƙone.

Da Hajaratu ta ji kalmar ƙonewa, ko takalmi ba ta tsaya gyarawa ba.

Wani jami'i mai furfura ya fito da ƙullin har bakin ƙofa, Shafa'atu na bayansa, ido ya yi ja.

"Hajiya, naki ne wannan?"

"Nawa ne. Ɗiyar ba ta san da shi ba, kada ku hana mata tahiya."

"Mene ne wannan garin?"

"Toka ce, ɗan nan. Tokar murhuna. Kai gidanku ba a sa wa iri toka?"

Jami'in ya murza tokar a yatsa, ya shinshina, barkonon ya shige masa hanci, ya yi atishawa har uku. Barau ya juya baya yana danne dariya.

"Na yarda toka ce," in ji jami'in yana share ido. "Amma iri ba ya fita sai an gwada shi an ba shi takardar lafiya. Ko mun bari, can za su ƙwace su ƙone. Ba mugunta ba ce, gudun cuta ne."

"Shekara talatin yana hannuna, kafin nan yana hannun uwata. Wace cuta?"

"Ban ce yana da ita ba, Hajiya. Takarda ce babu."

Ta miƙa hannu. "To ba ni abina. 'Yan bindiga ba su ƙone shi ba, ba zan kawo shi da ƙafata a ƙone ba." Ta juya ga Shafa'atu. "Share idonki. Laifina ne, na ɗauka. Ki tahi ki gano mini ɗakin nan da kyau, ki tambayo yadda ake shiga."

Ta koma inuwar ta kwance ƙullin a kan cinya, ta daɗe tana kallonsa. Abin da ya kawo ta bai canza ba: muddin irin nan yana wuri ɗaya, rana ɗaya ta isa ta gama da shi. Sai ta yage tsohon zanen gida uku, ta raba waken a ciki. Ta damƙa wa Lauratu kaso ɗaya, ta ce ta shuka a Damari. Ta miƙa wa Alhaji Muslim ɗaya, mutumin da ba ta taɓa gani ba sai yau.

"Alhaji, kana da inda za ka iya kaiwa?"

"Akwai 'yar gona bakin gari."

"A tsakanin dawa yake so. Kada a sa mishi taki da yawa, ganye zai yi maka. In ya yi, ka cire iri ka ba wani."

Barau ya miƙo tafin hannu. "Ni fa, Yaya?"

"Kai alala za ka sa a yi maka da shi."

Ba ta tashi ba sai da wani jirgi ya ɗaga. Ta ce shi ne, ba wanda ya yi mata gardama. A Malumfashi suka kwana ranar, Barau na ta mita. Washegari tana isa gida ta ɗauki sungumi ta nufi bayan gida da kason da ya rage.

Mako shida suka cika, Shafa'atu ta dawo da takardar shaidar kwas da wani fom mai shafi huɗu. Ta ga ɗakin da idonta. Malamarsu ta ce za a iya karɓar waken, in an fara kai tafin hannu ɗaya a gwada shi a nan gida, a ba shi takarda.

A bayan gida ta tarar da uwarta, tsugune tana cire ciyawa. Waken ya yi yaɗo ya rufe kunya, ya fara fure. Lauratu ta riga ta aiko cewa na Damari ya fito. Ɗan Alhaji Muslim ya turo hoton na Faskari a waya. Hajaratu ta karɓi wayar, ta nisanta ta da ido, ta ce an cika masa taki.

"To Inna, fom ɗin fa? Suna jira."

Hajaratu ta karkaɗe ƙasar hannunta, ta koma kan ciyawarta.

"Ki gaya masu su jira kaka. Yanzu yana da aiki."