Yayana Gajimare

Yayana mai yankan gilashi ne, kuma ya iya. Ya haura talatin, yana da mata da 'ya, yana da teburinsa a shagon wani mutum da bai taɓa yi masa tsawa ba. Abu ɗaya ya hana shi zama lafiya: fuskokin mutane. Tun muna yara yake zana su a bayan kwali, su fito a lotse kamar an zauna a kansu. Ya san ba su yi ba, kuma abin yana cinsa.

Wata rana aka aike shi ya kai gilashin firam gidan wani tsoho mai zana hoton mutane da fenti. Ya tafi da safe, bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Daga ranar muka rasa gane kansa. Tsohon ba ya ɗaukar ɗalibai, amma ƙafarsa ta fara ba shi wahala, yana neman mai taimako. Suka yi magana da baki: Yaya zai yi masa aiki daga safe zuwa tsakar rana, ya ci abincin gidan, da yamma kuma tsohon ya koya masa zana fuska. Babu mai biyan wani.

Na ce masa, "Yaya, wannan ai bauta ce aka sa mata rigar makaranta." Ya ce ni ban iya komai ba sai baƙin baki. Innarmu ce kaɗai ta goya masa baya. Ta ce, "Ku bar shi. In ya ƙware, ni zai fara zanawa." Ya ajiye aikinsa a makon.

Na sha kai masa saƙo can, na ga wurin da idona. Ɗaki ne a saman bene, taga ɗaya babba, ga warin kananzir, ga gwangwanaye ko'ina. Yaya ke shara, shi ke wanke buroshi, shi ke ɗaure ƙyalle a jikin katako ya shafe shi da fari. Shi ke goya tsohon a matakala ranar da ƙafar ta ƙi. Maigida yake ce masa, da ladabi har ƙasa.

Tsohon yana da yadda yake aiki. Yakan ɗauki gawayi ya zagaye inda mutum zai zauna a tsakiyar ƙyallen, kai da kafaɗu, sannan a cike bayan da sararin sama kafin a zo kan fuska. Cike bayan nan shi ne aikin da ya fi ƙi a duniya. Wata yamma ya miƙa wa Yaya buroshi ya ce ya gwada. Kaicon Yaya, da ya sani ya ɓata shi. Hannun da ya saba bin layi a kan gilashi bai taɓa gawayin ba ko sau ɗaya, gajimaren kuma ya fito kamar ka sa hannu ka taɓa. Tsohon ya daɗe yana kallo, ya ce, "Daga yau sama taka ce."

Yaya ya dawo gida yana tsalle kamar yaro, ya ɗauka an ƙara masa aji. Ashe rami ya haƙa wa kansa. Aiki ya riƙa fita da sauri, masu son hoto suka ƙaru, yammar da aka yi alkawari ita ma sama ta cinye ta. In ya yi zancen fuska, tsohon ya ce, "Bari mu sallami wannan matar tukuna." A sallame ta, wani ya shigo. Ba zan ce mugu ba ne. Ya dai sami sauƙi a ƙarshen rayuwarsa, ya ƙi saki, kuma wallahi har yau ina jin haushinsa.

'Yan layinmu suka sa wa Yaya Gajimare, sunan ya bi shi. Matarsa ta yi haƙuri iya haƙuri, ɗinkinta ne ya riƙe gidan shekaru. Ranar da 'yarsu ta dawo tana kuka don yara sun tambaye ta ko yau babanta zai yi ruwa, matar ta tattara kayanta suka koma gidan iyayenta. Ban ga laifinta ba. Na roƙi Yaya ya koma shago, ya ce ya yi nisa, saura ƙiris.

Ƙiris ɗin bai zo ba. Wata safiya ya tarar da tsohon a ƙasa, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, hannun dama ya mutu. 'Ya'yansa suka zo suka ɗauke shi, suka kwashe ɗakin. Suka yi wa Yaya godiya sosai, suka ba shi ragowar fenti da ƙyalle guda. Ya je shagon gilashi, ya tarar an daɗe da ba wani teburinsa.

A lokacin Inna ta fara jin jiki, ba ta iya zama mai tsawo. Duk da haka ta sa na ɗaura mata ɗankwalinta mai kyau, muka jingina ta da matashi a bakin ƙofa, Yaya ya kafa ƙyallensa. Kwana da kwanaki yana yi, ba ya bari kowa ya leƙa. Ina ganin yadda yake gogewa yana sakewa, gumi na bin wuyansa.

Daga ƙarshe ya juyo mana da hoton. Bai yi kama da Inna ba ko kaɗan. Ido ɗaya ya fi ɗaya tsawo, bakin na wata ne daban. Na rasa inda zan sa idona don tausayi.

Inna ta sa aka matso mata da shi, ta ƙura masa ido. Ta ce, "Allah sarki. Wace ce wannan baiwar Allah?"

Yaya ya ajiye buroshinsa. Can ya ce, "Wata ce kawai, Inna. Gwaji nake yi."

Ta gyaɗa kai, ta gyara ɗankwalinta. "To ka yi sauri ka gama da ita, bayana ya fara gajiya. Nawa yaushe za ka fara?"

Ya ce, "Gobe, Inna."