Wardin da Ya Ƙwace wa Yaya Ɗaki

Misfala, kafin asuba

Ƙarfe huɗu na isa gidan yayata Hajara a Misfala, raina a ɓace tun daga unguwarmu ta Jarwal. A falo na same ta, zufa ta jiƙa mata ɗankwali sharkaf. Ɗaki ɗaya ne mai mukayyif a gidan, wato na'urar sanyi, don wayar wutar tsohon ginin ba ta ɗaukar na biyu. Wata huɗu ke nan ta bar wa tukunyar fure ɗakin. Mace mai hawan jini, a zafin Makka na Agusta.

Ga asalin abin. Mijinta, Malam Sabo, ya hau Ɗa'ifa lokacin da wardi ke fure, ya dawo mata da dashe ɗaya. Bai cika mako uku ba Allah ya yi masa rasuwa. Da ganyen ya fara ƙonewa a saman soro, sai Yaya ta yi nata lissafin: tunda sanyin Ɗa'ifa yake so, ai ga sanyi a ɗaki. Ta ja labule, ta kunna mukayyif dare da rana, tana ɗura masa ruwa kamar mai jego. Ita kuwa sanyin ya fi ƙarfinta, ta kwashe katifarta ta koma falo. Sau biyu tana yanke jiki ta faɗi a falon nan. 'Ya'yanta maza uku, kowa da motarsa, iyakar taimakonsu shi ne, "Ummi, halas, ya isa haka, fure ne kawai." Ranar da ta fita takaba na ce mata ko dai mu mai da shi garinsu, ko in wurgo shi daga soro. Ta san halina, ta yarda.

Hanyar Muzdalifa

Bayan sallar asuba muka sami motar haya mai zuwa Ɗa'ifa. Direban matashi ne, Bahaushe haifaffen nan, Hausarsa rabi Larabci. Ya dubi tukunyar ya ce, "Ya ammi," wato baffa, "wannan sai dai a but." Yaya ta ƙara rungume kayanta. Ƙarshe ya ce to, sai a biya masa kujera. Haka na biya riyal talatin-talatin na mutum uku: ni, da Yaya, da wardin da ko iƙama, katin zaman ƙasa, ba shi da ita. Abin haushin, kujerar tasa a banza ta tafi, don a cinyarta ya yi tafiyar.

Biyar da rabi muka wuce ta gefen Muzdalifa. Fili fetal, babu bas ko ɗaya, sai fitilu. Nan hasken gari ya fara nuna mini majinyacin namu sosai. Rassa sirara, sun yi fari fat, ganyen da ya rage a reshe ɗaya yake. A shingen bincike jami'in ya karɓi katunanmu, ya leƙa, ya dubi tukunya ya dubi Yaya, ya ɗaga mana hannu.

Hawan Hada

Daga gindin dutse hanya ta fara murɗewa, kunne yana toshewa, iska tana sauyawa. Nan birai suke, garke-garke, kuma mutane sun lalata su da jifan biskit da ayaba. Motoci sukan tsaya cak a kan kwana don kallo, kamar babu mai sauri a duniya. Direbanmu ma ya bi sahu, ya sauke gilashi duka zai ɗauki bidiyo. Kafin in buɗe baki wani ƙaton biri ya dira a jikin ƙofa, ya zura hannu ya fizge reshen nan mai ganye. Ya koma kan dutse, ya ɗanɗana, ya tofar.

Abin da na gaya wa yaron nan ba zai rubutu ba. Wata huɗu mace tana kwana cikin zufa saboda wannan reshe, shi kuma ya sadaukar da shi don minti ɗaya na waya. Yana ta "ma'alesh, ya ammi," wato in yi haƙuri. Yaya ta sa gefen mayafinta ta rufe wurin da ya karye, ta ce in ƙyale shi, yaro ne. Wannan haƙurin nata ya fi komai ƙona mini rai.

Wurin mai shuke-shuke

Wajen ƙarfe bakwai da rabi muka sauka a Hada, a bakin Ɗa'ifa, kusan kilomita saba'in daga gida. Muka karya da gurasar tamis da shayi, sannan muka bi sunan da ke jikin tukunyar har rumfar da aka sayo shi. Tun a hanya na tanadi maganata. Na tarar da dattijo mai rumfar yana ɗora wa wasu mutanen Makka tukwanen wardi biyar a mota, bai ko tambaye su inda za su dasa ba. Na ce masa da Larabci, wannan ba ciniki ba ne, zalunci ne. Ya san wardi rana yake so da yini, sanyi da dare, ya san daren Makka ba ya hucewa, amma ya karɓi kuɗi ya yi shiru, baɗi su dawo su sake saye. Ya ɗaga kafaɗa ya ce mai kuɗi abin da ido ya so yake saye.

Ya karɓi tukunyar ya kankare kara da farce. Kore ne a ciki, da sauran rai. Ya ce ruwa ya yi yawa, saiwa ta fara ruɓa, kuma sanyin da babu rana a cikinsa kabari ne ga wardi. Da Yaya ta kwatanta masa mijinta, dogo mai hular zanna, sai ya tuna shi. Ya ce marigayin kam ya tambaya, kuma an gaya masa gaskiya: ba zai kai kaka a Makka ba.

Yaya ta ɗago. "To me ya ce?"

Dattijon ya ce, cewa ya yi, aro ne kawai. Da zafi ya shigo zai dawo da shi, tare da mai shi, don shekara talatin yana yi mata alkawarin hutun bazara a Ɗa'ifa bai cika ba.

Yaya ta zauna a kan wani buhun taki. Ni ma maganar da na tanada ta ƙare, ko da yake haushin mutumin bai bar ni ba, don motar mai tukwane biyar ta riga ta kama hanyar gangara.

Gidan Alhaji Bukar

Alhaji Bukar aminin marigayi ne, iyayensa ta Cadi suka zo, yana da gida a nan Ɗa'ifa, da ɗan tsakar gida mai rumman da inabi. Nan muka kwana. Matarsa ta yi mana salik, shinkafar nan da ake dafawa da madara. Yaya ta nemi bargo, a watan Agusta, tana dariya.

Da hantsi aka haƙa rami inda ranar safe ke bugawa. Alhaji ya datse ruɓaɓɓiyar saiwa. Na tsaya kusa, ina tsoron kada ta ce ta fasa. Ta daɗe riƙe da shi, sannan ta durƙusa ta sa shi da hannunta, ta tura ƙasa. Ta ce, "Malam, ga aronka na dawo da shi. Kuma ga ni na zo."

Muka sake bi ta rumfar, don tukunya ba za ta koma wofi ba. Wannan karon ni na fara magana: Misfala za a kai, saman soro, ba inuwa. Ya jero abin da ke jure wutar Makka: lalle, da raihan, wato ɗoɗɗoya, da ful, farin furen nan mai ƙamshi. Yaya ta ɗauki ful.

Dawowa

Bayan la'asar muka gangaro da wata motar, gilashi a rufe ruf, ni na tabbatar da haka. Muna sauka daga dutsen zafi ya tarye mu kamar an buɗe tanda. Magariba ta same mu a Misfala. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, Allah ya saka wa Alhaji Bukar da iyalinsa. 'Ya'yan Yaya kuwa, maganata da su tana nan.

Na kai ful saman soro, na sauko, na ƙi tafiya sai na ga inda za ta shimfiɗa. Ta tsaya a falo tana duban katifarta. Can ta kama gefenta ta ja ta zuwa ɗaki. Na bi ta na kunna mukayyif har ƙarshe.

Ta ce, "Rage sanyin nan, Ɗanlami. Ni ba wardi ba ce."