Yayana da Ya Tumɓuke Lambunsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Safar, Allah Ya yi wa yayana rasuwa, wanda unguwa ta sani da Baba Mai Lambu.

Yaya, kowa ya shaida hannunka a sake yake. Abin da dillalai suka rage, alayyafo ne, latas ko gwanda, ba ya kwana a lambu, gida-gida kake aikawa. Ni kaina ban san hanyar masu kayan miya ba sai da na yi furfura.

Sai jikarka ta fara ciwon ciki da kasala, karatu ya daina zama a kanta. A asibiti aka ce gubar dalma ce a jininta. Da aka bi sawu, ashe kwatar da kake ban ruwa da ita ta bayan rumfunan masu fasa tsofaffin batura take biyowa. Ganyen da muke yabo don faɗinsa, shi ke ɗauke da gubar. Matarka ta ce, "Malam, ai sai a riƙa wankewa da gishiri." Ka ce, "A cikin ganyen take. Ko sabulu kika sa, tana nan."

Kayan sun isa yanka, amma ka shiga da fartanya ka tumɓuke su kaf, ko akuya ba ka ba wa ba. Ka bi gidajen da ka saba ciyarwa kana roƙon a kai yara gwaji. Wasu suka ce rowa ce ta zo maka da tsufa, wasu suka ce so kake ka kashe wa sauran masu lambu kasuwa. Raina ya ɓaci, na yi niyyar ramawa, ka ce, "Kai da bakin nan naka? Zauna, kada ka ɓata mana magana." Na zauna ina huci, kai kuwa ka ci gaba da yawonka. Yaran da aka kai da wuri sun samu magani, har da jikarka.

Na san abin da ya hana ka sukuni a jinyarka: kada bayan ranka a koma shuka abinci a ƙasar nan. To, hankalinka ya kwanta. Ran sadakar uku, ba a ma naɗe tabarmi ba, wani dillali ya raɓo babban ɗanka yana neman hayar filin, wai ba a barin ƙasa mai albarka haka. Ɗan naka ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce masa, "Baba, itatuwan inuwa za mu dasa. Abin da za a kai baki ba zai sake fita daga filin nan ba, ko ganye ɗaya." Na dube shi, wallahi na ji alfahari har na yi ƙwalla.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe kurakuranka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Ga matarka, 'ya'yanka da jikokinka, Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen.