Malamar da ta hana a kori Sarkin Barci

Shekara talatin da ɗaya, kafin masu shara su gama da baranda, Malamar lissafi ta riga ta shiga aji. Takan ja layi a gefen allo, ta ware wani ɗan tsiri da bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, ta rubuta tambaya guda ɗaya mai taurin tsiya. Babu maki a kanta, babu ranar kawowa. Duk wanda ya gama aikin aji da wuri, can zai je ya gwada ƙwanjinsa. A sauran ajujuwa irin waɗannan yara sunayen masu surutu ake sa su rubutawa.

Abin da har yau ke sa tsigar jikina tashi shi ne maganar wani ɗan tela, wanda 'yan ajinsu ke kira Sarkin Barci. Minti goma ya gama aiki, sai ya kifa kai a kan tebur. Da aka yi jarrabawar ƙarshen shekara ya kawo amsoshi duka daidai, amma ko layi ɗaya na yadda ya samo su bai rubuta ba. Malamin da ya duba takardar ya ce satar amsa ce, ba ko tantama. Shugaban makaranta ya rubuta takardar kora, saura sa hannu. Baban yaron ya zo da zare maƙale a rigarsa, yana ta ba da haƙuri a kan laifin da bai ma gane ba.

Malama ba ta yi gardama da kowa ba. Ta roƙi a biyo ta aji, ta nuna tambayar da ta yi mako uku a gefen allo ba wanda ya iya ta, ta miƙa wa yaron alli. Ya warware ta a layi huɗu. Ta daɗe tsaye tana bi da yatsa. Nata lissafin shafi biyu ya ci.

"Ranka ya daɗe, in sata ya yi, a wurin wa?" in ji ta. "Wallahi ni kaina ban san wannan hanyar ba."

Wace malama ce za ta faɗi haka a gaban shugabanta da ɗalibanta? Aka yage takardar korar. Amma fa yaron bai sha da daɗi ba, zango guda ta matsa masa lamba sai ya rubuta kowane mataki. Yau shi ke koyar da masu koyon gina gadoji.

Malama, ke ce uwar masu kaifin ƙwaƙwalwa, ke ce ba ki taɓa jin kunyar ɗalibi ya wuce ki ba. Ga shi kin ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ki hutu cikin lafiya. Ku kuma malamai, don Allah, kafin ku sa hannu a takardar korar yaro, ku miƙa masa alli tukuna.