Ƙofofin da Idi Dogo Ya Rubuta

Bana shekara goma sha shida ke nan da rasuwar Idi Dogo. Lissafin ba ya ɓace mini, domin ya rasu ne a shekarar da ruwa ya ci Jidda ana tsakar aikin Hajji, kwanaki kaɗan bayan ruwan ya janye ya bar motoci a kan juna. Ciwon zuciya ne ajalinsa. Mu da muka sallace shi ba mu cika sahu biyu ba, kuma da hannuna a cikin wannan ƙaranci. Allah Ya gafarta masa, Ya gafarta mini.

Idi maƙwabcina ne a unguwar Bani Malik a nan Jidda, direban motar ma'aikata. A shagon shayin da muke zama bayan la'asar yakan ce wai da ƙuruciyarsa gudu ya kai shi Amurka, wata jami'a cikin waɗanda aka kafa domin baƙar fata a zamanin da ake rufe musu ƙofar sauran. Ya ce su huɗu ne a gudun miƙa sanda, kowa ya zagaya fili sau ɗaya ya miƙa wa na gaba, kuma sun sha kunyata makarantun masu kuɗi alhali takalmansu na gado ne. Daga baya gwiwa ta ci amanarsa, tallafin karatu ya yanke, kunyar komawa gida ta sa ya zo Umra ya zauna.

Ban taɓa yarda ba. Mutum ga tumbi, ga ɗingishi, ba hoto, ba lambar yabo. Kuma wane mai karatun Amurka ne zai ƙare a sitiyari ƙarƙashin kafili, ubangidan da ke tsaya wa baƙo ya zauna a ƙasar?

Abin da ya fi damuna shi ne al'adarsa ta safe. Da an sallame asuba sai ya kama sassarfa cikin unguwa. Ya tsaya a ƙofar wani gida, ya dubi agogo, ya zaro ɗan littafi ya yi rubutu, ya ƙara gaba. Wata rana littafin ya faɗi a masallaci, na ɗauka. Da ajami yake rubutu, ni kuwa da shi na buɗe ido, kallo ɗaya ya ishe ni. Na ga "ƙofar Malam Buba", na ga "ƙofar Hajiya Mai Waina", na ga "gidan 'yan Damagaram", kowanne da lambobi a gabansa. Duk gidajen nan akwai marasa iƙama, wato takardar izinin zama, a cikinsu. Ba a yi wata guda ba jami'ai suka kwashe mutum uku a gidan Malam Buba.

Ni na fara furta maganar cewa shi ke kai wa jami'ai tsegumin mutanenmu, a shagon shayi, a gabansa. Ya ce, "Malam Habu, gudu nake aunawa."

Na ce, "Da ƙofar mutane ake auna gudu a Amurka?"

Aka yi dariya. Daga ranar aka daina matsa masa wuri a kan tabarma, matarsa ta daina samun gayyar suna. Haka ya yi shekara huɗu kafin ya koma ga Ubangijinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yau. Yanzu bakin teku cike yake da masu gudu, maza da mata, kowa da agogon da ke ƙirga masa taku, ba mai zargin kowa. Jikokina suna kallon 'yan tseren irin waɗancan jami'o'i a waya, da makaɗa da tutoci, suna cewa daga can ake samun zakarun duniya. Ina jin da murmushi kawai zai yi, ya gyara musu yadda ake karɓar sanda ba tare da waiwaye ba.

A watan Rajab da ya wuce 'yarsa Bilkisu ta yi sallama a ƙofata. Haihuwar Jidda ce, tana zaune a unguwar Safa da mijinta, rabon da ta gaishe ni tun ranar jana'iza. Ba ta zauna ba.

"Malam, takarda ta zo daga makarantar Baba. Za su karrama su huɗun. Suna son wani abu da hannunsa ya rubuta, ni kuma wallahi ba na iya karanta wannan."

Ta ajiye littafin da wani hoto. Samari huɗu, baƙaƙe, na biyu daga dama dogo da wushirya. Na gane wushiryar. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Mutum zai iya yin gudu da ƙuruciya ya yi tsegumi da tsufa. Su kuma waɗannan mutane, me ya tuna musu da shi yanzu, bayan da gwiwarsa ta lalace ba wanda ya neme shi? Har gobe ban sami amsar wannan ba.

Na ce ta bar mini littafin kwana uku. Washegari bayan asuba na ɗauki carbi na fita, ina ja ɗaya a duk taku goma. Daga masallaci zuwa ƙofar Malam Buba na riƙe abin da ya kama. Daga nan zuwa inda Hajiya Mai Waina take da, daidai da na farko. Zuwa gidan 'yan Damagaram, haka nan. Na sake bi rana ta biyu, ko zan kama kaina da kuskure. Daga kowace ƙofa zuwa ta gaba zagaye ɗaya ne na filin da ya bari a Amurka, lambobin kuwa minti ne da daƙiƙa, suna ta ƙaruwa shekara bayan shekara. Tsufansa yake rubutawa, ba mutanenmu ba.

Da Bilkisu ta dawo na ce ta yafe mini. Ta ce, "La, a'a, ba a falo ka faɗa ba. Inda ka faɗa, can za ka janye."

Ranar Juma'a bayan la'asar mijinta ya kawo ta, ta zauna cikin mota a gaban shagon shayin, gilashi a sauke. Rabin waɗanda suka yi dariyar sun rasu, amma Malam Buba na nan. Na miƙe tsaye na ce ni Habu na yi wa Idi ƙazafi, ban ga komai ba sai zatona. Malam Buba ya ce, "To wa ya kai ƙarar gidana?" Na ce ban sani ba, kuma ba zan sake cike gurbin da sunan kowa ba.

Abin da ya saura na Idi ba shi da yawa. Suna a bangon wata makaranta da ba zan taɓa gani ba, da 'ya wadda ba ta karɓar tuba a ɓoye. Na taka zuwa motar, ba ta dube ni ba da farko. Can ta ce, "Halas, ya wuce, Kawu. Na yafe nawa. Nasa kuma sai kun haɗu."