Askin Bishiyar Kirsimeti

Shekara bakwai na yi ina aikin gadina, mai kula da shuke-shuke, a wani gida a Abuja, aka kore ni a kan bishiya goma sha biyu.

Mai gidan babba ne a wata ma'aikatar gwamnati. Maƙwabcinsa ya ɗora bene, tagogin suna kallon tsakar gidanmu. Oga ya ce a tare su da itatuwa. Na ce a sa dogonyaro. Ya ce gidansa ba tashar mota ba ce. Irin wadda ya gani a Turai yake so, mai tsinin kai, wadda masu sayar da dashe a bakin titi ke kira bishiyar Kirsimeti.

Na jera su a jikin katanga. Shekara biyar ina ba su ruwa safe da yamma. Gara ta ci biyu, na sake wasu. Suka haura katanga, suka rufe tagogin.

Itacen nan yana da hali guda. Korensa a baki-baki yake, ciki busasshe ne. In almakashi ya wuce koren, ba ya ƙara tsiro. Ba a makaranta na koya ba, na taɓa kashe ɗaya ne.

Aka yi wa Oga ƙarin girma, zai yi walima. Ya fito ya ce bishiyoyin sun yi ƙiba, sun cinye wurin motocin baƙi, a rage musu rabi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za su dawo ba."

Ya ce, "Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa? Digirina biyu."

"A kan bishiya?"

"Yanke, malam."

Na yanke. Suka koma kamar tsofaffin tsintsiyoyi. Ya tsaya yana kallo, sai ya aiki direba ya sayo koren fenti. Na ce ni ba mai fenti ba ne. Direba ya fesa.

Ranar walima fentin bai gama bushewa ba. Wani babban baƙo ya goga farar babbar rigarsa a jikin bishiya, ta yi kore. Kowa ya gani.

Washegari Oga ya ce da mugunta na kashe masa itatuwa, in kwashe kayana. Ban ba shi haƙuri ba. Mai digiri biyu ya fi ƙarfin haƙurina.

Yanzu ina kasuwar Zuba, ina sauke lemo da kankana daga mota.