Wiwin da Na Shuka a Saman Benen Apo

Ba zan faɗi sunana ba, saboda ina da 'ya'ya a makaranta. Amma duk abin da za ku karanta a kaina ya faru, kuma matasa nake so su ji, musamman masu ɗokin fita waje nema.

Ni yaron shago ne a Kantin Kwari. Tun ina ɗan saurayi nake wurin wani Alhaji mai sayar da yadi, bai taɓa kama ni da ko allura ba. Ba na shan sigari, ba na fashin jam'i. Shi ya sa da 'yan kasuwarmu suka fara gano hanyar birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ni ya zaɓa ya tura. Aikina in zaga kasuwannin tufafi in zaɓi kaya, in raka su tashar jiragen ruwa ta Huangpu a loda a kwantena, sannan in yi masa waya.

Na kama ɗaki a unguwar Sanyuanli, a wani siririn bene cikin lungun da rana ba ta leƙawa sai da azahar. Mai gidan tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ɗanta yana aiki a wani gari. Kowa a lungun Apo yake ce mata, wato kaka, ni ma na bi sahu. Ba ta jin Turanci, ni kuma Sinancina bai wuce gaisuwa da godiya ba, amma da hannu da murmushi muka saba. A saman benen tana da lambu a cikin tsofaffin bokitai da kwandunan roba: kabeji, albasa, barkono, da wasu ganyayen da ban san sunansu ba. Da ta lura ɗakina ba ya samun iska, sai ta ba ni mukullin sama in riƙa hawa ina salla a can.

Daga kallo na koma taya ta aiki. Tsohuwar nan ba ta zubar da komai. Ganyen shayi, ɓawon ƙwai, guntun kayan miya, duk binne su take yi a bokitan. Wani lokaci ta damƙo ƙasar ta nuna mini, baƙa wuluk, tana ƙamshin ruwan farko, tsutsotsi suna motsi a ciki. Sai ta yi dariya ta shafa cikinta, wai ƙasar ta ƙoshi.

Ɗanlami na haɗu da shi a gidan taliyar wasu Musulmin Sin inda muke cin abinci. Ɗan garinmu ne, bizarsa ta daɗe da ƙarewa, kuma ba a san takamaiman sana'arsa ba. Daga baya na gane wiwi yake sayar wa baƙin Turawa da ma'aikatan jiragen ruwa, kuma hanyar da yake samu ta toshe. Ranar da ya kawo mini ziyara ya ga lambun, sai ya tsaya yana duban tsayin katanga.

Ya ce, "Mutumina, kana zaune a kan arziki ba ka sani ba."

Da ya yi mini bayani na ce masa ni ba na sha.

Ya ce, "Wa ya ce ka sha? Shuka kawai za ka yi. Ka ce wa tsohuwar rama ce ta garinku, ai ganyen kusan ɗaya ne."

Na ƙi a ranar. Amma maganar ta kwana a raina, ta tashi da ni. Ina ganin sa'o'ina suna aika wa iyayensu abin arziki, ni kuwa albashin yaron shago nake ɗauka. Na ce da kaina 'yan bokitai ne, sau ɗaya, in samu jari in bari.

Da na kwatanta wa Apo cewa ganyen miyar gida nake marmari, sai tausayi ya kama ta. Da hannunta ta ɗebo mini ƙasar da ta fi kyau a lambun, ta matsar da barkononta don in samu wurin rana. Na ce mata na gode da yarensu, ban iya haɗa ido da ita ba.

Ba a jima ba Ɗanlami ya dawo daga kasuwar furanni da jaka cike da kwalaben takin ruwa, wani kore wani ja-ja, da rubutun da babu mai iya karantawa a cikinmu.

Ya ce, "Bar wahalar ɓawon ƙwan nan. Wannan shi ne aikin zamani. Mai kantin ya ce ko a kan dutse ka zuba sai ya yi tsiro."

Na ce, "Ƙasar nan da ranta. In ka ɗura mata wannan abin kashe ta za ka yi."

"Ni ƙasa zan sayar ko ganye?"

Da gardama ta ƙi ƙarewa muka raba bokitan, ya ɗauki nasa na ɗauki nawa. Nasa suka yi tsalle suka wuce nawa, har yana yi mini dariya. Daga baya bakin ganyensu ya fara ƙonewa, farin abu kamar kanwa ya fito a saman ƙasar, tsutsotsin suka ɓace. In ya yi kwana biyu bai zo da kwalba ba sai su langaɓe kamar majinyacin da aka cire wa ƙarin ruwa. Nawa kuwa suna tafiya a hankali, ba ruwansu. Sai kuma wani Bature cikin masu saye ya ce shi wanda bai sha sinadari ba yake so, ko da ya fi tsada. Nan take Ɗanlami ya haɗe nasa da nawa ya ce duk a ƙasa zalla suka girma, ba sinadari.

Ku ji wautar ɗan Adam. Wannan ƙaryar ta ɓata mini rai ƙwarai, har na yi fushi da shi na ce ba shi da amana. Ni da na yaudari tsohuwar da ta ba ni mukullinta, ni da nake ce wa Alhaji a waya kwastan ne suka riƙe kaya alhali ban ma je kasuwa ba, ni ne nake jin na fi wani tsarki saboda nawa a ƙasa mai kyau ya girma. Watanni muka yi muna musu a kan kwalba da ƙasa. Ko sau ɗaya babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa ko shukar kanta ta dace. Sau ɗayan da na yi wa kaina alkawari kuwa tuni ya zama na biyu.

Wari ba ya ɓuya. Maƙwabta suna shanya a nasu benayen, kuma shukar ta fara leƙo kan katanga. Wata safiya na dawo daga sayen burodi na tarar da lungunmu cike da mutane. Ɗanlami ya fizgo ni daga bakin lungun.

Ya ce, "'Yan sanda ne. Zo mu wuce. Tsohuwa ce, za su sake ta."

Na leƙa. Ga bokitanmu an jera a ƙofar gida, ga Apo tsakanin 'yan sanda biyu, butar ban-ruwa tana hannunta. Ashe shukata take ba ruwa suka same ta. Tana nuna ganyen tana kai hannu baki, tana yi musu bayanin da na yi mata, cewa miya ce. Maƙwabtan da suka san ta shekara da shekaru suna kallo.

Na zare hannuna daga na Ɗanlami. Ban sake jin ɗuriyarsa ba har yau. Na ratsa mutanen na tsaya gaban 'yan sandan, na nuna bokitan, na bugi ƙirjina.

A ofishinsu suka kawo wani ɗalibi ɗan Maraɗi ya yi tafinta. Don ruɗewa sai na shiga yi musu bayanin cewa rabin shukar babu sinadari a ciki. Ɗalibin ya dube ni da tausayi ya ce, "Ɗan'uwa, ba su tambayi abin da ka ciyar da ita ba. Tambayarsu wa ya shuka, kuma tsohuwar ta sani ko ba ta sani ba." Na rantse ba ta sani ba, na faɗi komai. Bayan 'yan kwanaki suka sake ta. Ban ƙara ganinta ba, amma kafin a kai ni kotu ɗalibin ya kawo mini jaka daga wurinta: kayana a wanke a ninke, da lemo a sama.

An yanke mini shekaru a kurkuku. Da farko furannin roba muke harhaɗawa daga safe har yamma, yatsuna suka yi kanta. Daga baya aka mayar da ni lambun bayan kicin, inda ƙasar ta ƙeƙashe kamar daɓe. Na roƙi izinin kwashe guntattakin kayan miya ina binnewa. Damina ta farko ba a ga komai ba. A ta biyu na sa hannu na ji ƙasar ta yi laushi, na ga tsutsa ɗaya tana motsi. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar hukunci. Na ce in wannan ƙasar ta farfaɗo, ni ma Allah bai rufe mini ƙofa ba. Tun daga ranar na kama istigfari da gaske.

Da wa'adina ya cika, daga kurkuku filin jirgi aka wuce da ni. Na sauka Kano na tafi wurin Alhaji kafin in je gida. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Na yafe maka, ɗana. Shago dai ba zan mayar da kai ba." Amma ya ba ni aron wata 'yar gona a gefen Kura, kusa da hanyar ruwa. A can nake har yanzu, ina noma latas da tumatir da albasa. Na yi aure, na aurar da ƙannena.

Samari sukan zo su tambaye ni wanne ya fi, takin kwalba ko na gida. Nakan ce ni na gida na fi so, ko da yake yana son haƙuri. Amma maƙwabcina na kwalba yake zuba wa tumatirinsa, kuma lafiya lau yake barci, domin tumatir ya shuka.

'Yan'uwana matasa, iya aiki ba ya wanke mugun aiki. Duk sana'ar da sai kun sake mata suna kafin ku faɗa wa mai ƙaunarku, ku bar ta tun ba ta yi jijiya ba. Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada ya ce tasa ta ƙare. Na yi tsammanin a ƙasar Sin za a binne ni, ga shi gobe da sassafe zan kai kwandunan latas kasuwar 'Yankaba da sunansa na gaskiya.